Bana Me Za Mu Bari?

Rake ba ya jira. Wannan ne abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da zancen koyon mazarƙwaila, kuma shi ne abu na farko da suke mantawa. In ka sare shi yau, gobe ya shiga inji, in ba haka ba zaƙinsa ya fara gudu. In ka matse ruwan ka tsaya gaisawa da mutane, kafin ku gama tambayar iyali ya fara tsami. Amma ku yaran yanzu kuna ganin curinta a faranti a kasuwar Karaye, kuna zaton ruwa aka zuba a kwano aka ce masa daskare. Wani ya taɓa duban tsabar idona ya ce ai ba wani abu ba ne, tafasa ce kawai. Tafasa! Duk shekarun da na yi ina shan hayaƙi har gashin girata ya yi fushi ya daina fitowa, shi ya naɗe su a kalma ɗaya ya miƙo mini.

A wajen Malam Barau na koya, a wata fadama da ke kudu da Rogo. Ranar da mahaifina ya kai ni, Malam bai tambaye ni komai ba, bulala ya miƙa mini ya nuna mini bayan doki. Injin matsa na wancan lokaci, kuma irinsa nake da shi har kwanan nan, ƙarafa uku ne a tsaye masu haƙora, an kafa su a kan gungume. A samansu an ɗaura wani dogon itace, doki yana jan bakinsa yana zagawa, ƙarafan suna juyawa, mutum ɗaya yana tsugune yana cusa rake, ruwan yana zuba a garwa. Aikina shi ne in bi doki. Na ɗauka za a yi mini sati guda a mayar da ni bakin kasko inda manya suke. Sai da rani biyu suka wuce ina zagaye wuri ɗaya, har in na kwanta sai in ji ɗakin yana juyawa. Bulalar kuwa, ranar da na yi amfani da ita a kan dokin, Malam ya karɓe ta ya gwada mini ɗanɗanonta a ƙafa. Ya ce ba don duka ya ba ni ba, don dokin ya san akwai mutum a bayansa ne.

Dokin sunansa Bikili. A bayansa na koyi cewa doki yana gaya maka irin raken da ake matsa. In raken ya ƙoshi da ruwa, tafiyarsa a sake take, kunnuwa a tsaye. In raken ya tsufa ya yi tauri, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana dafa ƙasa da ƙarfi, itacen yana kuka. Malam Barau yana iya zama can gindin mangwaro, bai ko duba garwa ba, ya ce a kwance doki haka nan, raken yau ba na wahalar da dabba ba ne.

Da aka matsar da ni bakin kasko sai na gane bin doki hutu ne. Kaskon faffaɗa ne, mutum zai kwanta a ciki, an ɗora shi a kan murhun da aka haƙa a ƙasa. Ba ma sayen itace, tukar raken da aka matse muke shanyawa mu hura wuta da ita, ita kuwa cin wuta gare ta da sauri, ka juya baya ta mutu, ka ƙara da yawa ta ƙona maka gindin kasko. Kana tsaye da ludayi kana kwashe kumfa da datti, tururi yana dukan fuskarka, ƙudan zuma suna shawagi a kanka kamar su suka noma raken. Ruwan zai tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa, ya yi kauri, ya fara wani irin numfashi. A nan ake sanin wa ya iya. Ka ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ka murza da yatsa. In ya dunƙule, ka sauke ka yi ta bugu har ya huce, sannan a zuba a ƙananan kwanoni. Ka sauke da wuri, za ta daskare yau ta yaudare ka, ta narke ranar da iska ta ɗauko danshi. Ka makara, ta yi ɗaci, matan da ke yin alkaki da nakiya su dawo maka da ita har gida. Su kuwa ba sa faɗa a hankali. Akwai wata Hajiya Gambo da ta taɓa tsayar da ni a tsakiyar kasuwar Rogo ta ba ni alkakinta ta ce in cinye a gabanta in ji abin da na ja mata a gidan biki. Na cinye, kuma gaskiyarta ce.

To duk wannan hannu ne, kuma hannu yana koyuwa. Abin da ya fi wuya a sana'ar nan ba a bakin kasko yake ba, a tsarin shekara yake, kuma saboda shi nake wannan dogon bayani.

Mu masu mazarƙwaila bayin lokaci biyu ne. Rake yana bin rana da ruwa: yana nuna bayan kaka, a matse shi cikin sanyi, kafin zafin bazara ya busar da shi. Ciniki kuwa yana bin wata, don babbar kasuwarmu azumi ce, lokacin da kowane gida ke dama kunu. Azumi ba ya zama wuri ɗaya, kowace shekara yana matsowa. Wani zubin ya faɗo daidai lokacin matsa, ka sauke daga kasko ka miƙa wa mai saye. Wani zubin ya faɗa tsakiyar damina, sai ka ajiye kaya wata da watanni kana addu'a. Saboda haka wanda ya ce zai yi bana kamar yadda ya yi bara, ya riga ya faɗi tun bai fara ba.

Malam Barau yana da yadda yake yi. Bayan an kai amfanin gona gida, sai ya tara mu a gindin mangwaron nan, ya fara daga ƙarshe. Yaushe azumi zai kama? Wa zai sha abin da za mu dafa? Daga nan ya dawo da baya har zuwa ranar da za a fara sara. Amma kafin duk wannan, tambayarsa ta farko ɗaya ce, ba ta canzawa.

"Bana me za mu bari?"

Kowa zai kawo abin da yake so a yi, shi kuma ya saurara har ƙarshe, sannan ya fara zubarwa. Bana ba za mu sayi raken maƙwabta ba. Bana ba za mu karɓi aikin biki ba. Wata shekara ƙanensa ya yi fushi, wata shekara ɗansa ya kwana uku ba ya cin tuwo a gidan. Malam bai taɓa ba kowa haƙuri a kan wannan ba. Yakan ce doki ɗaya gare mu, kasko ɗaya, kuma ba ya jin an ƙara wa rana tsawo.

Shekarar da Allah ya yi masa rasuwa, azumi yana tsakiyar damina. Inji da fadama suka koma hannun mutum uku: ƙanensa Baffa Tanimu, babban ɗansa Audu, da surukinsa Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwa daga Karaye wanda ya sa hannu a gyaran injin. Ni a lokacin ni ne babba a bakin kasko. Aka zauna a gindin mangwaro kamar yadda aka saba, aka yi wa mamaci addu'a, sannan aka ce Baffa Tanimu ya fara, tunda shi ne babba a cikinsu.

Baffa Tanimu ya ce a dafa a ajiye har azumi, lokacin da kaya za su yi daraja. Magana ce mai kyau. Audu ya ce a sayi raken maƙwabta a riƙa kaiwa kasuwa duk sati, kada masu saye su saba da wasu. Ita ma magana ce mai kyau. Alhaji Mamman ya ce ya riga ya yi wa wasu mutanen Kano alkawarin mazarƙwaila mota guda. Ko wannan ba laifi. Kowace ɗaya a cikin ukun, da ita kaɗai aka ɗauka, da an ci shekara lafiya.

Daga nan aka yi ta jiran wanda zai yi tambayar Malam. Ba wanda ya yi. Audu ba zai zubar da maganar ƙanen ubansa ba, ga kabarin uban ko bushewa bai yi ba. Baffa Tanimu ba zai zubar da ta maraya ba, kada a ce ya danne 'ya'yan ɗan'uwansa. Suruki kuwa, wa zai kunyata suruki a gaban ma'aikata? Aka yi ta "haka ne, haka ne", kowa yana yabon shawarar ɗan'uwansa, har aka shafa fatiha a kan za a yi duka ukun. Suka tashi suna murna wai an rabu lafiya ba a ɓata wa kowa ba.

Na bi Audu har bakin rijiya na ce masa, "Yaya Audu, dokin fa ɗaya ne."

Ya ce, "An ji, Iliya. Allah zai kawo sauƙi."

Har yau in na tuna wannan "an ji" sai raina ya ɓaci. Ba mugaye ba ne, ba wawaye ba ne. Kowannensu in ka same shi shi kaɗai zai gaya maka aikin ya yi yawa. Amma sun gwammace su ɗora wa dabbar da ba ta magana abin da suka kasa faɗa wa junansu.

Muka fara matsa. Da can Bikili yana aiki da safe, a kwance shi in rana ta take, a ba shi dusa da harawa, a mayar da shi da la'asar. Wannan shekara ba kwancewa. Raken maƙwabta yana zube yana jira, motar Alhaji tana jira, rumbun Baffa yana jira. Sanyi ya wuce ba mu gama ba, muka shiga bazara muna matsar raken da ya zama itace. Kafaɗar dokin ta sale, muka sa tsumma, tsumman ya manne da ciwon. Ni kuma a bakin kasko ana tsaye a kaina ana cewa in sauke, wani ruwan yana tsami a garwa. In na ce bai yi ba, sai a aiko wani ya sauke. Na ga ana zuba mazarƙwailar da na san ba za ta ga azumi ba, ana jera ta a ɗaki, ana rufewa da tabarma.

Wata ranar zafi, wajen azahar, itacen ya daina kuka. Na ɗago kai na ga Bikili ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, igiya tana wuyansa, yana ƙoƙarin tashi ya ci gaba. Muka kwance shi, muka zuba masa ruwa, muka ja shi inuwa. Bai kai magariba ba. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, na kuma yi zagin da ban taɓa yi a gaban manya ba. Baffa Tanimu ya ce kwanansa ne ya ƙare. Na ce ƙwarai, amma mun san waɗanda suka taya shi ƙirgawa.

Sauran labarin gajere ne. Raken da ya rage ya bushe a ƙasa. Motar Alhaji ta tafi rabi. Da ruwa ya sauka, aka buɗe ɗakin ajiya ana saura kwanaki azumi, sai ga mazarƙwaila ta narke ta bi ƙasa, tururuwa sun yi gari a ciki. Kuma abin da aka yi gudu bai fasa zuwa ba: mutanen nan uku da suka kashe doki don kada su ɓata wa juna, sun yi shekaru ba sa ga maciji. Ni na tattara ludayina na dawo wajen wani gari da ake kira Turawa, inda na yi ta aikin wasu har na kafa nawa injin.

Na kawo wannan ne saboda abin da ya faru a gidana bara. Ɗana Nasiru da Hauwa'u, 'yar ƙanena, wadda ta yi karatun kasuwanci a Kano, suka ce suna son su karɓi sana'ar su faɗaɗa ta. Za su sayi injin matsa mai amfani da man dizal, su riƙa yin ƙananan curi suna ƙullawa a leda mai tsabta suna kaiwa shagunan birni. Na ce madalla, gwiwoyina ma sun gaji. Hauwa'u ta zauna ta yi mini bayanin hanyoyin da ake bi a tsara tafiyar kasuwanci. Akwai wadda ake fara wa daga inda ake son a kai, a dawo da baya. Akwai wadda ake tafiya zango-zango, a duba abin da ya faru kafin a ƙara gaba. Akwai kuma wadda ake tara duk masu hannu a ciki, kowa ya kawo nasa. Na ji daɗin bayanin, don yarinyar ta san abin da take faɗa, ta farkon ma kamar ta taɓa zama a gindin mangwaron Malam Barau. Na tambaye ta wacce suka zaɓa. Ta ce ta ukun, don ita ce ba za ta bar kowa a baya ba. Na zuba musu ido in ga gudun ruwansu.

Suka yi sati suna zagaya dangi. Uwar Nasiru ta ce kada a daina manyan curi, saboda matan unguwa. Aka sa. Ƙanena ya ce a haɗa da sayar da ɗanyen rake. Aka sa. Ni ba su ma tambaye ni ba, don sun san inda zuciyata take. Ina da doki baƙi, Akawal, wanda ya yi mini aiki shekara da shekaru, ban taɓa barin rana ta take a kansa ba. Suka sa shi a tsarin da kansu: injin dizal zai yi aiki, na doki ma zai ci gaba, saboda Baba.

Ranar da suka kai ni in ga inda za a kafa sabon injin na gane abin da ake ciki. Filina a bakin fadama yake, kuma wuri ɗaya ne tak a cikinsa mai tudu wanda ruwa ba ya hawa, shi ne da'irar da Akawal ke zagawa. Su kuwa sun kafa turaku can ƙasa, kusa da inda kwaɗi ke taro da damina. Nan za su zuba siminti su ɗora injin da suka sayar da shanun da Hauwa'u ta gada daga marigayiya uwarta suka saya.

Na ce, "Hauwa'u, wurin nan ruwa yana kwanciya ko ba ya kwanciya?"

Ta sunkuyar da kai. "Yana kwanciya, Baffa."

"Kin sani kika kafa turaku?"

"Mun ce za mu ɗaga ginin."

"Ki ɗaga shi ya kai ina? Ina ne wurin da ya dace?"

Idonta ya tafi kan tudun, inda dokin ke tsaye yana kaɗa jela. Nasiru ya yi sauri ya ce ai ba za su iya cewa in kawar da Akawal ba, ba tarbiyyar da na ba su ke nan ba.

A nan na fashe. Na ce tarbiyyar da na ba ku ita ce ku nutsar da dukiyar marainiya a laka don ku faranta wa tsoho? Kun je kun koyo hanya uku, kuka zaɓi wadda ba sai kun ce wa kowa a'a ba, kuka sa mata suna girmamawa. Na faɗa musu wannan ba tsari ba ne, tsoro ne aka yi wa wanka. Jin ta bakin kowa ba laifi ba ne, Malam Barau ma yana ji. Amma in an gama ji, dole wani ya tashi ya zubar da wani abu, a yi fushi da shi, ya kwana lafiya. Na zaunar da su a kan tukar rake na ba su labarin Bikili tun daga farko, abin da ban taɓa yi ba. Da na gama na tambaye su, bana me za mu bari? Suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Na ga dai ba za ta fito daga bakinsu ba.

Washegari da sassafe na sa wa Akawal linzami na ja shi da ƙafa har Kwanyawa, wajen wani abokina Bafulatani, Ja'e, wanda ya san darajar dabba kuma yake da fili. Ban hau shi ba, bai saba da kowa a bayansa ba sai mai binsa. Da na dawo na ɗauki diga na fara tone gungumen tsohon injin da hannuna. Nasiru ya zo ya karɓi digar ya ci gaba da tonon.

Da yamma Hauwa'u ta same ni a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta ce tunda abin haka ne, sayar da ɗanyen rake ma ba zai yiwu bana ba, kuma ita za ta je ta gaya wa babanta da bakinta. Ta je kuwa. Ƙanena ya yi sati ba ya amsa mata gaisuwa da kyau, ya zo ya same ni yana cewa na lalata masa 'ya. Na ce ya yi haƙuri, yanzu ta fara sana'a.

Injin yana kan tudu yanzu. Damina ta zo ta cika fadama, ruwa ya shanye inda suka fara kafa turaku, bai taɓa shi ba. Yana matse a awa abin da muke wuni muna yi, sai dai ƙararsa ba ta gaya maka komai game da rake. Har yanzu ni ke tsayawa a bakin kasko, don wannan ba a ƙera injinsa ba tukuna.

Kwanakin baya na je Kwanyawa dubo Akawal. Ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi. Ja'e ya ce lafiyarsa ƙalau, abu ɗaya ne kawai ya kasa ganewa. Kullum da sassafe, kafin a kai masa ci, sai dokin ya tashi ya kama zagaye turkensa, a hankali, kai a sunkuye, ba wanda ya sa shi, har rana ta ɗaga sannan ya tsaya. Ya nuna mini wurin. Ƙasar ta riga ta yi hanya.

Na roƙi Ja'e kada ya faɗa wa yaran in sun zo. Na san halinsu. Suna ji za su mayar da shi cikin tsarin.